Shekara guda muna hawan duwatsu: wa ya ce a juyo daga Chappal Waddi?

Kawu Bala: Assalamu alaikum jama'a. Tunda shekara ta zo ƙarshe, kuma Hajiya ma'aji ta rantse ba za ta karɓi sisin kowa ba sai an yi lissafi, bari ni in fara da lissafin ƙafa, ita ta zo da na aljihu.

Fita tara muka yi bana. Mun buɗe da Kufena a watan Janairu cikin hunturu, mu goma sha bakwai, har da waɗanda suka zo da takalmin zuwa ɗaurin aure. Fabrairu muka hau Kagoro. Da zafi ya shigo ga kuma azumi, sai muka tsaya kan Dala da Goron Dutse bayan asuba, motsa jini kawai. Bayan salla Riyom. Yuli da Agusta duwatsun Shere sau biyu. Satumba Assop. Nuwamba kuma Mambila. Ba wanda ya karye, ba wanda aka baro a daji. Targaɗe biyu, sai wayar Lawal da ta yi wanka a Assop ba ta sake tashi ba. Alhamdu lillahi.

To, na san akwai maganar da ke cin wasu a rai game da Mambila. Ana kirana a waya da daddare ana yi mini ita a kaikaice. Gara a yi ta a nan gaban kowa. Ni ne na ce a juyo, ban ɗora wa kowa ba. Mai ja, ga fili ga mai doki.

Nazifi: Wa alaikumus salam. Kawu, da girmanka da komai, amma tunda kai ka buɗe ƙofa zan shiga. Kwana biyar na rufe shago. Wuni guda cur daga Kano zuwa Jalingo, washegari Bali, Serti, muka yi wannan hawan da mota ke kuka kamar za ta haihu, muka isa Nguroje jiki duk ya yi tsami. Sannan babur ya ƙarasa abin da ya rage a ƙugunmu. Duk don me? Don mu taka Chappal Waddi, wurin da ya fi ko'ina tsawo a Najeriya, mita 2,419. Mun kwana a gindinsa, mun yi sammako, mun ci fiye da rabin hawan, sai aka ce a juyo saboda mutum ɗaya. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa kenan. Ni abin da na ce a can shi zan maimaita a nan: me ya hana a raba mu biyu? Masu ƙarfi su bi ɗan jagora su ƙarasa, sauran su sauko da marar lafiya. Mu tara ne fa, ba mu uku ba.

Lawal Zariya: Ikon Allah. Bakanon da ya saba hawa Dala ta matakala, yana hutawa sau uku yana sayen ruwan leda, shi ne yau yake kukan an hana shi Gangirwal, wato Chappal Waddi.

Nazifi: Lawal ka bari, yau ba ranar wasa ba ce. Kuma a Kufenan taku wa ya riga wani kaiwa sama?

Lawal Zariya: Baƙo ake bari ya wuce gaba, tarbiyya ce. Ci gaba da ƙorafinka, bawana.

Sista Rabi: Nazifi ƙanena, ka ce "saboda mutum ɗaya" kamar ciwon kai ya yi. Bari in faɗa wa waɗanda ba su je ba abin da na gani, don ni na riƙe hannunsa.

Da muka tsallake ƙoramar nan ta biyu, santsi ya kwashi Mudi ya zauna cikin ruwa har ƙirji. Ya tashi yana dariya, muka yi ta yi masa tsiya. Wandon jins ne a jikinsa da rigar auduga, kuma auduga in ta sha ruwa ba ta sakinsa, tana manne da fata tana zuƙe ɗumin jiki. A Kano da rana tsaka wannan ba komai ba ne, minti ashirin ka bushe. A can kuwa lissafin daban yake. Duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska na sauka da wajen digiri 6 zuwa 7. Shi ya sa Jas, da take kusan mita 1,200, mutanen Kano ke zuwa da rigar sanyi. Mu kuma mun haura mita 2,000, ga iska ba itacen da zai tare ta, ga hazo ya jiƙa komai.

Bayan kamar awa ɗaya ya fara rawar ɗari, haƙora na haɗuwa. Wannan bai tsorata ni ba, jiki ne ke ƙoƙarin haɗa wuta. Abin da ya tsorata ni shi ne da igiyar takalminsa ta kwance, ya durƙusa zai ɗaure, yatsunsa suka kasa. Sau uku yana kama igiyar tana suɓucewa. Na tambaye shi sunan ƙanwarsa da yake yawan ba mu labarinta, ya tsaya yana kallona, sannan ya faɗa da harshe mai nauyi kamar wanda aka tasa daga barci. In sanyi ya kai mutum nan, ya fara taɓa ƙwaƙwalwa. Mataki na gaba shi ne rawar ɗarin ta tsaya, ya ce shi lafiyarsa ƙalau a bar shi ya ɗan kwanta. Wanda aka bari ya kwanta a wannan hali ba kullum yake tashi ba.

Mun cire masa jiƙaƙƙun kayan, muka sa masa busassu, muka zagaye shi muka tare iska, aka dafa shayi aka zuba sukari kamar ba gobe. Ya ɗan dawo. Amma wanda ya dawo daga nan ƙasa ake yi da shi, ba sama ba.

Nazifi: Anti Rabi ban musa ko ɗaya ba. Ban ce a ja Mudi zuwa sama ba. Cewa na yi a raba tafiyar.

Hammadu Gembu: Salamu alaikum. Ni ɗan gida ne, bari in sa baki. Nazifi, a raba tafiya da ɗan jagora nawa? Ɗaya kuka ɗauka. In ya bi ku sama, wa zai sauko da Mudi? In ya sauko da Mudi, wa zai kai ku?

Ku kuna ganin kamar hanya ɗaya ce tunda kuna bin bayansa. Wurin nan ba daji ne mai duhu ba, ciyawa ce shimfiɗe tudu bayan tudu, kuma duk sun yi kama da juna. Hanyoyin shanu sun ratsa ko'ina, wannan ta shiga wannan. Da rana kana ganin ƙololuwa kana saita kanka. In hazo ya sauko, taku goma ba ka gani. Kuma dutsen a kan iyaka yake, gefe ɗaya Taraba, gefe ɗaya Kamaru. Ka bi hanyar shanu da ba ita ba, sai dai ka ji ana yi maka Faransanci, in ma ka yi sa'a ba kwazazzabo ka nufa ba. Mu da aka haifa a nan, in hazo ya rufe haka makiyayi zama yake yi kusa da shanunsa har ya yaye.

Sannan tun watan Agusta na faɗa a zauren nan: damina a Mambila ba irin ta Kano ba ce da take tattara kayanta a Satumba. Tana farawa da wuri, tana kaiwa Oktoba, wani lokaci ta leƙa Nuwamba. Na ce ku bari sai Disamba ko Janairu, ƙoramu sun ja baya, hanyar babur ta bushe. Aka ce farkon Nuwamba ne kowa ke da sarari. To dutse bai san sararin kowa ba.

Maman Walid: Ni fa ba mai hawa ba ce, an sa ni a zauren nan ne don in riƙa sanin inda maigidana yake. Amma tunda an ce kowa ya faɗi ransa: don Allah me aka ajiye muku a saman dutsen nan? Kwana uku ina kiran Baban Walid ana ce mini wayarsa a kashe. Ga labaran da ake ji na hanyoyi. Hajiyarsa ta kira ni ta fi sau goma, na rasa ƙaryar da zan yi mata, don ce mata ya yi zai je duba shayi a Kakara. Ya dawo ƙafa a kumbure, leɓe a fashe, ya kwana biyu ina gasa masa gwiwa da ruwan zafi, kuma wai ma ba su kai ba. Mutum da gidansa da katifarsa ya biya kuɗi a kai shi ya kwana a ƙasa. In wahala ake nema, ga buhunan masara nan a soro tun kaka ba a shigo da su ba.

Baban Walid: Hajiya, a bar maganar masaran nan a gida mana.

Lawal Zariya: A'a Hajiya ci gaba, muna tare da ke. Buhu nawa ne?

Malam Isiyaku: Maman Walid, tambayarki ta fi ta kowa nauyi, kuma ba ke kaɗai ke yin ta ba. Ni ma a makarantar da nake koyarwa ana ce mini wannan aikin Turawa ne da suka ƙoshi. Sai in ce musu su ɗaga kai su dubi garuruwanmu. Kano a gindin Dala ta tsiro, can Barbushe yake tun kafin zuwan sarakunan Bagauda, kuma an daɗe ana narka tama a wurin. Zazzau ta zauna a Turunku da Kufena, duk duwatsu ne, har yau in ka hau Kufena kana hango ragowar ganuwa a ƙasa. Kwatarkwashi a Zamfara haka. Kagoro da muka je a Fabrairu, ai kun ga har yanzu akwai masu zama a sama, kun ga matan da suka wuce mu da kaya a ka muna zaune muna haki. Sukur kuma, can Madagali cikin duwatsun Mandara, hanyar dutse suka shimfiɗa da hannu tun daga ƙasa har fadar sarkinsu da suke kira Hidi, gonakinsu hawa-hawa a jikin tsauni. A 1999 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya, shi ne na farko a Najeriya. Ni dalilina kenan. Abin da nake karantarwa a allo ina so in taka shi da ƙafata.

Kuma ko a Makka, alhazanmu nawa ne ke tashi cikin dare su hau Jabalun Nur don su ga kogon Hira, alhali ba ya cikin aikin Hajji? Har da tsofaffi masu sanda.

Maman Walid: Malam, su mutanen da tsoron mahara ne ya hau da su, da aka samu lafiya ai saukowa suka yi. Alhazai kuma wurin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zauna suke son gani. Ku fa? Hoto?

Malam Isiyaku: Kin kama ni ta nan. Wasunmu hoto ne, ba ƙarya.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa daga Nijar. Ban samu zuwa Mambila ba, iyaka da kuɗin mota sun hana, amma ina biye da ku. Ni duwatsun da na sani na Azbin ne, arewa da Agadas. Na hau Bagazam sau ɗaya da ƙuruciya, inda ƙololuwar da ta fi tsawo a Nijar take, mita 2,022, can ne asalin dawakin nan da kakanninmu ke yi wa kirari. Na kuma kwana a Timiya, garin da za ka fito daga baƙaƙen duwatsu ba ko ciyawa, kwatsam ka faɗa lambunan lemu da rumman. Yanzu hanyar ba ta biyuwa yadda ake so, sai addu'a.

Abin da ya sa na yi magana shi ne zancen raba tafiya. Buzayen da ke ayarin gishiri daga Azbin zuwa Fashi da Bilma, suna ratsa hamadar Tenere da raƙuma kwana da kwanaki, mutum ɗaya ne ke da magana, shi ne madugu. Kafin a tashi kowa na iya gardama da shi, a kan rana, a kan guzuri, a kan hanya. In an shiga rairayi kuma, magana ta ƙare. Ko ya yi kuskure gara a yi kuskuren tare, don ayarin da ya rabu biyu a Tenere guda biyun duk sun zama abin nema. Nazifi ɗan'uwa, gardamarka tana da kyau, amma wurinta Jalingo ne ko nan zauren, ba cikin hazo ba.

Nazifi: Na ji, madugu uban tafiya. To amma madugun ya riƙa auna mu da mudu ɗaya. A Shere cikin Agusta hadari ya haɗo baƙi ƙirin, wasu suka ce a sauka, Kawu ya ce a ƙarasa saura kaɗan. Muka ƙarasa. Ranar ba a ce rai ya fi dutse ba. Sai a wurin da muka kashe kuɗi da kwanaki ne za a tuna da haka?

Kawu Bala: Wannan gaskiya ka faɗa, kuma na ji daɗi da ka tono ta, don ita ce ta juyo da mu a Mambila.

Shere gida ne a wurina. Tun ina saurayi aka kai mu horo a cibiyar da ke can, wadda aka fi sani da Man O' War, kuma tun daga lokacin ban san sau nawa na hau ba. Wannan sabon ne ya rufe mini ido. Na ga hadarin, na ce a raina na san dutsen nan, minti ashirin mun taɓa sama mun juyo. Kun tuna abin da ya biyo baya. Muna kan falalen nan da ba ko inuwa, mun fi komai tsawo a wurin, sai na ji gashin hannuna ya miƙe, sandar ƙarfen da ke hannun Baban Walid tana wani ɗan zuu kamar ƙudan zuma. Na daka masa tsawa ya yar da ita. Ba mu yi taku talatin ba aradu ta faɗi a tudun da ke gefenmu, har ƙaurinta muka ji. Sannan ruwa ya sauko, dutsen da muka hau a tsaye ya zama sabulu, da mazaunai muka sauko, ɗaya bayan ɗaya. Targaɗen Malam Isiyaku a nan ya same shi.

Da muka iso mota kowa na dariya ana cewa an sha. Ni ban yi dariya ba. Daren nan ban runtsa ba, ina ta lissafin gidajen da zan shiga in yi bayani da abin ya zo da ƙarar kwana. Mutum goma sha ɗaya na kai wurin, iyayen wasu ma ban sani ba. Ba gwaninta ce ta fitar da mu ba, Allah ne ya rufa asiri. A daren na yi wa kaina alkawari: in na sake jin bakina zai ce "saura kaɗan", to lokacin juyawa ya yi. A Mambila na ji kalmar ta zo mini har leɓe. Shi ya sa.

Mudu biyu na auna da shi, ka yi gaskiya. Na farkon ne na algus.

Hajiya Binta ma'aji: To tunda an zo wurin tonon asiri, ni ma ga littafina. Kuma ba zan kama suna ba sai an matsa mini.

Tsarin farko da Hammadu ya turo mana kwana bakwai ne: biyu zuwa, ɗaya a huta a Nguroje jiki ya saba da sanyin, biyu a dutse, da kwana ɗaya na ko-ta-kwana saboda ranar da sama za ta ƙi, sannan dawowa. 'Yan jagora biyu, da mutum biyu masu ɗaukar tanti da abinci. Da na fitar da abin da kowa zai zuba, sai zauren nan ya kama da wuta. Aka ce ya yi yawa. Aka ce wa zai bar kasuwa mako guda. Aka ce mu da muka hau Shere sau biyu me za mu yi da 'yan dako, ai abin kunya ne. Aka ce ɗan jagora na biyu cin kuɗi ne kawai. Aka yi ƙuri'a, kwana bakwai suka koma biyar, jagora ya koma ɗaya. Ranar hutu da ranar ko-ta-kwana su aka fara yankewa. Da suna nan, da mun sauko da Mudi mun kwana, washegari in gari ya waye tas a koma. Saƙon murya na minti huɗu da ya fi kowanne zafi a kan a rage kwanakin yana nan a wayata ban goge ba.

Lawal Zariya: Hajiya a matsa miki ko a bari? Ni dai na ji kamar muryar tana da karin harshen Kurna.

Nazifi: Ba sai an saka ba. Ni ne.

Hammadu Gembu: Tunda ta fito, bari in ƙara ɗaya da ta tsaya mini a wuya. Yadda aka yi ciniki da 'yan babur da ɗan jagoran nan bai yi mini daɗi ba. Mutumin nan ya bar shanunsa da gonarsa, ya kwana biyu da ku, shi ya goya jakar Mudi a kan tasa, da takalmin roba a ƙafarsa. Da aka zo sallama wani ya ce a rage masa tunda ba a kai sama ba. Na ji kunya ƙwarai, don ni zan ci gaba da haɗuwa da shi a kasuwa. Kawu ne ya cika daga aljihunsa. Mai wa jakar da ta fi kuɗin aikinsa sau biyar bai kamata ya tsaya taya guminsa kamar tumatir ba.

Hajiya Binta ma'aji: Ban san Kawu ya cika ba. Za a mayar masa daga asusu, kuma kar ya ce a'a.

Mudi: Salamu alaikum. Tun ɗazu ina karantawa, na rubuta na goge ya fi sau biyar. Tun da muka dawo ban yi magana a nan ba saboda nauyi nake ji. An faɗa mana kar a sa jins, Anti Rabi ta rubuta jerin kaya tun Oktoba, na ga kuɗin wandon da ta ce na ce wanda nake da shi ya isa. Laifina ne.

Abin da na tuna kaɗan ne. Na tuna igiyar takalmin. Na tuna ina jin haushin kowa, ina so a ƙyale ni in zauna. Sai kuma na tuna wani ya tuɓe rigar sanyinsa ya sa mini, ya zauna da 'yar shara a cikin iskar nan yana riƙe mini kofi saboda hannuna ba ya iyawa. Da muka fara sauka shi ya sa kafaɗarsa a hammatata har ƙorama, yana ta zagina a hankali wai na cika nauyi kamar buhun siminti. Nazifi ne. Ban ga ya faɗi wannan a cikin ƙorafinsa ba, shi ya sa na faɗa.

Yaya Nazifi, in kuɗin motarka ne zan biya a hankali, wallahi da gaske nake.

Nazifi: Kai Mudi rufe mana baki. Wa ya tambaye ka kuɗi? Ba da kai nake ba tun farko. Kuma rigar nan har yau ba ka dawo mini da ita ba.

Kawu, Allah ya huci zuciyarka. Na yarda ba a raba mutum tara da jagora ɗaya, kuma na yarda ni na yanke na biyun. Amma ban janye duka ba. Har yanzu ina ganin ba daidai ba ne duk wanda ya biya kuɗi a ɗauke shi zuwa babban dutse. A sa sharaɗi. Wanda zai je Mambila sai ya yi fita huɗu aƙalla a shekarar, sai ya hau Shere da jaka mai kilo goma a bayansa, kuma a zazzage jakar kowa a tasha kafin mota ta tashi. Wanda aka ga jins a ciki ya koma gida.

Sista Rabi: Zazzage jaka na yarda, ni ma zan yi. Amma a yi hattara da sharaɗin nan kar ya zama hanyar tace mutane. Na san inda irin wannan magana ke ƙarewa, gobe a ce mata su tsaya a ƙananan duwatsu. Mu uku ne mata a Mambila, ba wadda aka ɗaukar wa jaka, kuma a hawan farko ni nake jiyo hakinka a bayana.

Aminu Garwa: Anti ta yi gaskiya. A nan Kamaru ana tseren hawa Dutsen Kamaru duk shekara daga Buea, dutsen ya haura mita 4,000, a hau a sauko a rana ɗaya. Sarah Etonge ta ci na mata sau bakwai, kuma uwa ce mai 'ya'ya. In kun shirya wata shekara ku zo, amma can akwai inda ƙasa baƙar toka ce da tsakuwar aman wuta, takalmin kanti ba ya kai labari.

Kawu Bala: Aminu a bar mu mu gama da na gida tukuna. Sharaɗin Nazifi na karɓa, kuma kan kowa zai hau, mace da namiji, har ni. Na ƙara da nawa: kafin a fara kowane hawa za a faɗi ƙarfe nawa za a juyo, ko an kai ko ba a kai ba, kowa ya ji da kunnensa tun a ƙasa. Hammadu, ka tambayar mana mutumin nan ko zai yarda ya sake kai mu, shi da wani, mako na biyu na Janairu. Kwana bakwai.

Hammadu Gembu: Zan same shi ran kasuwa. Sai dai ku sani Janairu sanyin dare ya fi na Nuwamba, raɓa har daskarewa take yi a kan ciyawa wani lokaci. Bargo ɗaya ba zai yi ba.

Maman Walid: Kwana bakwai kuma? Da biyar ma yaya aka ƙare? To ni nawa sharaɗin: a ba ni lambar wani a Nguroje da zan kira in sabis ya ɗauke, kuma shi da bakinsa zai faɗa wa Hajiyarsa inda za shi. Na gaji da zancen shayi.

Baban Walid: An ji. Masaran ma gobe zan shigo da su.

Lawal Zariya: Ka goya su ɗaya-ɗaya, ka ga ka cika sharaɗin kilo goma tun a gida. Gwajin farko dai a Kufena za a yi, Asabar ta ƙarshen wata, ƙarfe shida a gindin dutse. Kanawa su taho da wuri, ba za mu jira mai karin kumallo da gurasa ba.

Hajiya Binta ma'aji: Mai zuwa ya rubuta sunansa a ƙasa kafin Laraba saboda mota. Kuma butar shayin asusu tun Mambila ban sake ganinta ba, tana hannun wa?

Mudi: Tana wurina, Hajiya. Ita da rigar zan kawo.